Na ajiye diklofenak saboda cikina: shin kurkum da gyaran abinci za su isa ga ciwon gwiwa?

Maman_Iklima:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Shekarata 52, kuma yau kusan shekara huɗu ke nan gwiwata ta dama tana damuna. Da aka yi hoto sai aka ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya zaizaye. Tun lokacin nake shan ƙwayar rage ciwo ta diklofenak, wani watan ma kullum. Makon jiya na kwana ina murƙususu da ciwon ciki, likita ya ce olsa ce ke shirin kama ni, in ajiye maganin. To na ajiye, amma yanzu ko daga zaune zan miƙe sai na dafa bango. Wata ƙawata ta ce in bar nama da suga gaba ɗaya, in riƙa shan kurkum safe da yamma, wai wata uku zan manta na taɓa ciwon gwiwa. Akwai wanda ya gwada? Ni dai gaskiya ƙwayoyi sun ishe ni.

Abu_Hanif77:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara afuwa Hajiya. Kurkum kam ba wasa ba ne. Mahaifiyata da sanda take tafiya, muka fara ba ta ƙaramin cokali a ruwan ɗumi da ɗan masoro, wata biyu ta jingine sandar. Magungunan asibitin nan danne ciwo kawai suke yi, su bar ka da wani sabo. Abin da ya tsiro daga ƙasa ai ba ya cutarwa. Ki fara yau ɗin nan.

Famasis_Nura:
Malam Abu Hanif, na yi murna da jin Mama ta samu sauƙi, amma jimlarka ta ƙarshen nan ba zan iya wuce ta ba. Mofin, maganin ciwon nan mai ƙarfi da ke kama jiki, daga tsiro ake samun sa. Asfirin ma asalinsa sinadarin ɓawon wata bishiya ne, kafin kamfanin Bayer ya haɗa shi a 1897, kuma shi ɗin na gaba-gaba ne wajen cin ciki. A farkon shekarun 1990 mata sama da 100 a Beljiyam ƙodarsu ta lalace saboda wani haɗin ganye na rage ƙiba da aka sa wa tsiron da ake kira Aristolochia, da yawansu sai da suka koma wankin ƙoda. Duk daga ƙasa suka tsiro.

Game da kurkum: abin da ake nema a cikinsa shi ne kurkumin, kuma bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin ma hanji ba ya tsotse shi sosai, hanta kuma tana saurin kawar da wanda ya shiga. Shi ya sa ake haɗa shi da masoro. Wani bincike da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna sinadarin masoro yana ninka abin da ke shiga jini har sau 20. An yi gwaje-gwaje da dama a kan masu ciwon gwiwa, wasunsu sun nuna sauƙi, sai dai yawancinsu ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma da tataccen kurkumin aka yi su, wanda ya fi garin girki ƙarfi nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar: wannan tataccen mai saurin shiga jinin shi ne aka fi kamawa da taɓa hanta. Italiya ta ga jerin masu kumburin hanta a 2019, hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023. Na girki ba shi da wannan matsalar. Amma Hajiya, da cikinki a wannan halin, kada ki ɗora masa kafso na kurkum da masoro sai likitanki ya sani.

Abu_Hanif77:
Ai dama ku ba za ku taɓa yarda ba, kasuwarku ce za ta mutu.

Famasis_Nura:
Haba ɗan'uwa. Kafson kurkum ɗin ma a kan kantar da nake tsayawa yake, ya kuma fi diklofenak riba. Da kasuwa nake karewa da cewa zan yi ta sayi kwalba uku.

Anti_Fisiyo:
Hajiya, kafin mu yi nisa a maganar garin kurkum, ki yi haƙuri da tambayar da zan yi: nawa ne nauyinki? Kuma a rana kina tafiyar ƙafa ta minti nawa?

Maman_Iklima:
Kilo 94, kuma ni ba doguwa ba ce. Tafiya kam na daina tun da ciwon ya tsananta, gani nake kamar ina ƙara goge ƙashin ne.

Anti_Fisiyo:
To a nan maganar abinci take da ƙarfinta na gaske. Wani mai bincike, Stephen Messier na jami'ar Wake Forest a Amurka, ya auna a 2005 cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Ki lissafa taku dubu nawa kike yi a rana ko a cikin gida. Daga baya shi da abokan aikinsa suka bi mutum 454 masu irin ciwonki tsawon wata 18, aka buga sakamakon a 2013. Waɗanda suka haɗa rage cima da motsa jiki sun zubar da kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu kuma ya ragu da kusan rabi. Ban san wani gari ko kafso da ya taɓa nuna irin wannan ba. A wurinki kashi 10 ɗin nan kilo 9 ne, a hankali, ba a wata ɗaya ba.

Tsoron goge ƙashi kuwa, kusan duk wanda ya zo wurina da shi yake zuwa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an motsa gaɓar ruwan ke shiga yana fita, kamar soso in ana matsa shi. Zama wuri ɗaya yana kashe naman cinya, naman cinyar kuwa shi ke tallafar gwiwa. Ki fara da wannan: ki zauna a kujera mai ƙarfi, ki miƙe ƙafar sosai, ki riƙe kina ƙirga biyar, ki sauke a hankali. Sau goma, safe da yamma. In ya yi ɗan zafi ya lafa kafin washegari, ba komai. In gwiwar ta kumbura ta kwana tana zogi, kin wuce kima, ki rage.

Gimbiya_Zee:
Ni wannan abin ne ke ɓata min rai. Mace ta zo da ciwo, abu na farko a ce mata ta rage ƙiba. Ni siririya ce kamar tsinke, kilo 51, kuma gwiwoyina biyu duk ciwo suke. To ni me zan rage, ƙashin?

Anti_Fisiyo:
Kina da gaskiya ƙanwata, ba kowane ciwon gwiwa ne na nauyi ba. Akwai gado, akwai tsohon rauni, akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓoɓi. In kina tashi da safe gaɓoɓinki a sandare fiye da rabin awa, musamman har da yatsun hannu biyu, kada ki tsaya shan jiƙo, ki je a gwada jininki. Wancan in aka yi jinkiri yana lanƙwasa gaɓa, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya dawowa.

Gimbiya_Zee:
Hmm. Yatsun ma suna yi fa. Zoben da nake sawa ya daina shiga da safe.

Dr_Bilyaminu:
Gimbiya, ki ɗauki maganar Anti da muhimmanci, cikin makon nan in da hali. Tun da an taɓo shi, a irin wannan ciwon ne man kifi mai omega-3 yake da ɗan tasiri: yana rage sandarewar safe da zogin gaɓa. Amma sai an sha kusan giram 3 na sinadarin a rana, kuma sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga wani abu. Ƙari ne a kan maganin da ke tsayar da cutar, shi kaɗai ba ya hana gaɓa lalacewa. A ciwon zaizayar guringuntsi irin na Maman Iklima kuwa, bai nuna abin a zo a gani ba.

Baban_Sadik:
Ni fa ƙaho ne ya taimake ni. Shekara shida ina fama da ciwon baya saboda tuƙin dogon zango. Duk wata biyu nake zuwa a yi min, in tashi jikina sakayau kamar an sauke min buhu. Masu cewa camfi ne su tuna Michael Phelps, zakaran ninƙaya na Amurka, da ya fito gasar Olamfik ta Rio a 2016 da tabon kofuna jajaye a kafaɗa. In babu amfani wannan zai yi?

Kwamared_Sani:
Baba, Phelps ya ci zinare takwas a Beijin a 2008 tun kafin duniya ta ga tabo a kafaɗarsa 😂

Baban_Sadik:
Kai yaro, bayana ne ko naka?

Dr_Bilyaminu:
Baban Sadik, ban musa cewa kana jin sauƙi ba. Bari in kawo wani gwaji da ke ba ni mamaki har yau, ko da yake a kan tsira allurai irin na Sin aka yi shi. A Jamus aka tara masu ciwon baya 1,162, aka raba su uku, aka buga sakamakon a 2007. Kashin farko aka tsira musu allurai a wuraren da masanan abin suka tsara. Na biyu aka ɗan soka musu sama-sama a wuraren da ba su da alaƙa da komai. Na uku aka ba su kulawar da aka saba, magani da gashi. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a kashin farko kusan kashi 48 ne cikin 100, a na bogin kashi 44, a na kulawar da aka saba kashi 27. Ka ga na gaske da na bogi kusan kunnen doki suka yi, amma dukansu sun doke abin da muke bayarwa a asibiti. Har gobe masana na jayayya a kan ma'anar wannan.

Abin da zan roƙe ka kawai: kayan da za a tsaga ka da su su zama sababbi fil, a buɗe su a gabanka, saboda ciwon hanta nau'in B da C ta jini suke bi. Mai ƙarancin jini, da mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon suga da rauninsa ba ya saurin warkewa, su bar mai tsaga ɗin.

Kwamared_Sani:
Wato dai Dakta, a taƙaice duk tunani ne.

Ummu_Aiman:
To in tunani ne sai me? In na sha ruwan ɗumi na yarda zai yi min magani, ciwon kuma ya tafi, wa ya yi asara? Ni wannan raina abin da ake yi da sunan "tunani ne kawai" ban gane masa ba. Ciwon ma ai a ƙwaƙwalwa ake jin sa.

Dr_Bilyaminu:
Ummu Aiman ta fi ka kusa da gaskiya, Kwamared. Tun 1965 wasu masu bincike biyu, Melzack da Wall, suka kawo bayanin cewa akwai wata irin ƙofa a laka da ke rage ko ƙara saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in ka buge sai ka murza wurin, kuma ya lafa da gaske. Tausa da gashi da ruwan ɗumi a nan suke aiki. Rashin barci da damuwa kuma suna wangale ƙofar. Asarar tana zuwa ne a wuri biyu: in abin yana cin kuɗin da mutum ba shi da su, ko in ya sa an yi sake da cutar da ke ci gaba a ɓoye. Ciwon baya da ya zo da rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba na tausa ba ne.

Hajjo_Mai_Haƙuri:
Bari in ba ku labarina ko wani zai tsira. Shekara biyu da suka wuce wata mata ta kawo min wani gari a leda, babu suna babu komai, ta ce haɗin itatuwa ne zalla. Wallahi kwana biyu da fara sha na hau bene ba tare da na riƙe ƙarfe ba. Na yi ta yi mata talla a cikin dangi. Wata huɗu ina sha. Sai fuskata ta fara cika ta zama zagayayya kamar wata, mutane na ce min na yi kyau, hutu ya karɓe ni. Cikina ya yi tulu, ƙafafuna suka sirance, fatata ko ɗan gogar ƙofa na yi sai ta yi shuɗi. Ranar da na je asibiti saboda yawan fitsarin dare aka ce sugana ya hau, ni da ban taɓa ciwon suga ba. Likitar tana kallon fuskata ta ce, "Hajiya me kike sha?" Ashe sitiroyid, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, aka daka a ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro, cewa ta yi kada in kuskura in daina rana ɗaya, sai an yi ta rage min a hankali da na asibiti, don jikina ya daina yin nasa. Wata biyar aka yi ana janye ni. Gwiwar kuma ta dawo da ciwonta har da riba.

Famasis_Nura:
Sannu Hajjo, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ba a wuri ɗaya ake yin sa ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta sha fitar da gargaɗi a kan kayan "ganye zalla" na ciwon gaɓoɓi da aka samu deksametason (wani nau'in sitiroyid) da diklofenak a ciki. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga Maman Iklima: tana iya guje wa diklofenak a asibiti ta je ta sha shi a leda ba ta sani ba. Duk garin da ya ɗauke ciwon shekaru cikin kwana biyu, a tuhume shi.

Abu_Hanif77:
Wannan ai ha'incin mutane ne, ba laifin ganye ba. Namu da hannunmu muke dakawa. Kuma har yanzu ba wanda ya bayyana min yadda aka yi tsohuwa ta ajiye sanda.

Kwamared_Sani:
Yaushe kuka fara ba ta? Lokacin da ciwon ya fi tsanani ko? Irin wannan ciwon hawa da sauka yake yi. Kowa yana neman magani ne ranar da abin ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sai gangara, ko an sha ko ba a sha ba. Sai abin da aka sha a ranar ya kwashe yabon.

Famasis_Nura:
Akwai wannan, kuma yana yiwuwa kurkum ɗin ya taimaka ɗan gwargwado, ban kore ba. Amma ku duba gulukosamin, ƙwayar nan da ake ta sayarwa don ciwon gaɓoɓi. A 2006 aka gwada shi a Amurka a kan mutum 1,583. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta, kashi 60 cikin 100 sun ce sun ji sauƙi, kuma gulukosamin ɗin bai yi musu wata tazarar kirki ba. Mutum shida cikin goma fa, da ƙwayar wofi. Kowannensu zai iya rantsuwa ya ba da shaida irin taka, kuma ba ƙarya yake ba.

Alhaji_Babba:
Ni nawa a babban yatsan ƙafa yake tashi, cikin dare, ya kumbura ya yi ja, ko zanin gado ya taɓa shi sai na yi ƙara. Aka ce gawut ne. A nan kam abinci ba wasa: in na ci jan nama da yawa ko kayan ciki, ko na bi lemon kwalba, kwana biyu ba na taka ƙasa. Na bar su, tashin ya ragu, amma bai daina ba sai da aka ɗora ni a kan ƙwayar alofurinol. Likitana ya ce abinci ɗan kaɗan yake sauke yurik asid, sinadarin da ke taruwa a gaɓa ya jawo ciwon, yawancin matsalar ƙoda ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Don haka Hajiya, maganar barin nama da ƙawarki ta yi, wataƙila irin nawa ta ji ana faɗa ta ɗauka duk ciwon gaɓa ɗaya ne.

Zahra_B:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Citta tana maganin ciwon mara da gaske? Duk wata sai na yi kwana biyu a kwance.

Ummu_Aiman:
Tana yi sosai. Ki fara tun ranar da kika ji alamar zuwansa, ki haɗa da gorar ruwan zafi a mara.

Dr_Bilyaminu:
Wannan karon ba ni da ja. An gwada garin citta, daga miligiram 750 zuwa 2,000 a rana a kwana uku zuwa huɗun farko, kuma ya rage ciwon. Ɗumin ma an gwada shi. Amma ciwon da ke kwantar da ke duk wata, ko yake ƙaruwa shekara bayan shekara, ya kamata likitan mata ya duba.

Admin_Yakubu:
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Iklima. Zahra, ki buɗe naki zaren, za a amsa miki. Abu Hanif da Kwamared, na goge saƙonni biyun nan na ƙarshe, a yi muhawara ban da gori.

Lami_Tela:
Hajiya ki gwada man shafawa mai sinadarin barkono. Ni shi nake shafa wa gwiwa da wuyan hannu saboda zaman keke. Satin farko zafi kamar an ɗora garwashi, na kusa jefar da shi, a sati na uku sai ciwon ya yi ƙasa. Gargaɗi ɗaya: ki wanke hannu da sabulu sau biyu. Ni na taɓa mantawa na sosa ido, ranar yaran gida sun ɗauka rasuwa aka yi.

Famasis_Nura:
😂 Sannu Anti Lami. Abin da kika ji haka yake aiki: sinadarin yana ta tsokanar jijiyar da ke jin zafi har ta gaji ta yi shiru, shi ya sa sai an jure makonni ana shafawa sau uku ko huɗu a rana. David Julius da ya gano inda yake kamawa a jikin jijiya ya samu kyautar Nobel a 2021. Kada a shafa a kan rauni, kada kuma a ɗora ruwan zafi a kai.

Hajiya, ga wani abin da za ki tambayi likitanki: diklofenak na shafawa. Abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da na haɗiya, kuma gwiwa tana kusa da fata. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, shi ta sa a gaba ga ciwon gwiwa irin naki a ƙa'idojinta na 2022. A cikin ƙa'idojin dai ta ce kada a ba da gulukosamin, kada kuma a yi tsira allurai don wannan ciwon, alhali a 2021 ta amince da alluran ga ciwon da ya daɗe ba a gano sababinsa ba. Amma da yake cikinki ya riga ya yi ƙorafi, likitan ne zai yanke ko ki shafa diklofenak ɗin.

Maman_Iklima:
Na gode ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Hajjo, labarinki ya sa na je na ɗauko wata leda da aka kawo min tun watan jiya ban fara ba, na zuba ta a shara. Anti, na gwada miƙe ƙafar yau da safe, a na bakwai cinyata ta fara rawa, na tsaya. Lemon kwalba zan iya bari, don kullum sai na sha biyu. Kurkum zan ci gaba da sa shi a girki, kafson kuma zan tambaya ranar Talata in na koma asibiti. Abin da ban gane ba shi ne naman: in bari ko kada in bari?

Anti_Fisiyo:
Bakwai ɗin ma kin yi ƙoƙari, gobe ki sake bakwai. Nama kada ki bar shi gaba ɗaya, kina bukatar abin gina jiki in kina son cinyar ta yi ƙarfi. Ki rage mai kitse da soyayye, ki ƙara kifi da wake da ganye.

Abu_Hanif77:
Ni dai na ce ta bar shi wata ɗaya ta gani. Me za ta rasa?

Alhaji_Babba:
In za ta gwada, ta bar abu ɗaya a lokaci ɗaya, ta riƙa rubuta yadda ta kwana. In ta bar nama da lemo ta fara motsa jiki duk a mako guda, ta ina za ta san wanda ya yi aikin?

Ummu_Aiman:
Alhaji, mai ciwo ina ruwanta da wanda ya yi aikin?

Gimbiya_Zee:
Dakta, gwajin jinin nan da kuka ce, sai da azumi ake zuwa ko zan iya karyawa?